Tarihin Isaac Newton (1642–1727): Ɗan Manomin da Ya Zama Jagoran Masana Kimiyya

Gabatarwa

A cikin shahararrun mutanen da suka rayu a ƙasashen Turai tsakanin ƙarni na 16 da na 18, wato zamanin da sarakuna masu cikakken iko suke juya ƙasashe yadda suka ga dama, masana falsafa kuma suke muhawara a kan iyakar ikon sarki, da wuya a sami wanda sunansa ya zaga duniya kamar Isaac Newton. Duk ɗalibin da ya shiga ajin kimiyya a makarantar sakandare, a birni ne ko a karkara, sai ya ci karo da dokokinsa guda 3 na motsi.

Abin da jama'a da dama ba su sani ba shi ne, wannan masani maraya ne, ɗan manomi, haifaffen ƙauye, kuma saura ƙiris karatunsa ya tsaya cak tun yana saurayi, lokacin da mahaifiyarsa ta cire shi daga makaranta domin ya kula da gona da tumaki. Haka kuma, shekaru 31 na ƙarshen rayuwarsa ya yi su ne a matsayin ma'aikacin gwamnati. Waɗannan dalilai biyu ne suka sa aka ga dacewar kawo tarihinsa a wannan shafi, domin amfanin iyaye, malaman makaranta, masu unguwanni, dagatai, hakimai da ma'aikatan ƙananan hukumomi.

Haihuwarsa da Ƙuruciyarsa

An haifi Isaac Newton a ranar 25 ga watan Disamba, 1642, bisa tsohuwar kalandar da Ingila take amfani da ita a lokacin, wanda ya yi daidai da 4 ga Janairu, 1643 a kalandar yanzu. Mahaifarsa ita ce wani ɗan ƙaramin ƙauye mai suna Woolsthorpe, a gundumar Lincolnshire ta ƙasar Ingila. Mahaifinsa, wanda shi ma sunansa Isaac, manomi ne mai rufin asiri, yana da gonaki da shanu da tumaki fiye da 200, amma ko sunansa bai iya rubutawa ba. Ya rasu kimanin wata 3 kafin a haifi ɗansa. Yaron ya zo duniya bakwaini, ɗan mitsitsi, har mutanen gida ba su sa ran zai rayu ba.

Shekarar haihuwarsa ita ce shekarar da yaƙin basasa ya ɓarke a Ingila tsakanin Sarki Charles na Ɗaya da majalisar dokoki, a kan wane ne yake da ikon ɗora haraji da zartar da doka. Yaƙin ya kai ga fille kan sarkin a 1649. A cikin wannan yanayi na rashin kwanciyar hankali yaron ya tashi.

Yana ɗan shekara 3 mahaifiyarsa, Hannah Ayscough, ta sake aure. Ta auri wani dattijon limamin coci mai suna Barnabas Smith, ta tare a gidansa da ke wani ƙauye na kusa, ta bar yaron a hannun kakarsa. Ba ta dawo Woolsthorpe ba sai a 1653, bayan rasuwar mijin, tare da 'ya'ya 3 da ta haifa masa. Masana tarihi da yawa suna ganin wannan rabuwa ce ta sa Newton ya tashi da son kaɗaici da saurin zargin mutane, halin da ya bi shi har tsufansa.

Makarantar Grantham da Komawa Gona

Da ya kai shekara 12 aka kai shi makaranta a garin Grantham, mai nisan kimanin mil 7 daga ƙauyensu. Tun da ba zai iya zuwa ya dawo kullum ba, sai aka ajiye shi a gidan wani mai haɗa magunguna, William Clarke. A makaranta ya koyi harshen Latin, wanda shi ne harshen ilimi a Turai a wancan zamani. A gida kuwa ya duƙufa ga karanta littattafan maigidansa da ƙere-ƙere. Ya ƙera ɗan ƙaramin injin niƙa mai aiki da iska, da agogo mai aiki da ɗigar ruwa, ya kuma zana agogon inuwa a jikin bango, har mutanen gida suka riƙa duba lokaci da shi.

A 1659, yana gab da cika shekara 17, mahaifiyarsa ta kira shi gida. A ganinta karatun ya isa haka, tun da shi ne babban ɗa, kuma gadon mahaifinsa yana jiran mai kula da shi. Wannan tunani ba baƙo ba ne ga duk wanda ya san rayuwar karkara, kuma ba mugunta ce ta sa ta yi hakan ba. Sai dai kowa da kiwon da ya karɓe shi. Idan aka tura shi kiwo, sai ya sami inuwa ya zauna da littafi, ko ya tsaya a bakin rafi yana ƙera ƙananan injina, tumaki kuwa su bazu cikin gonakin maƙwabta. Ranar kasuwa, idan aka haɗa shi da bara su kai amfanin gona Grantham, sai ya bar wa baran ciniki ya wuce gidan Clarke wajen littattafai. Bayanan kotun yankin sun nuna cewa a watan Oktoba na 1659 an ci shi tara saboda dabbobinsa sun yi ɓarna, kuma ya bar shingen gonarsa ya lalace.

Mutum biyu ne suka ceto karatunsa. Na farko shi ne kawunsa, William Ayscough, wanda ya yi karatu a Jami'ar Kambirij. Na biyu shi ne shugaban makarantar Grantham, Henry Stokes, wanda ya yi ta lallashin mahaifiyar, yana nuna mata cewa asara ce babba a binne irin wannan basira. Domin ya sauƙaƙa mata, ya yafe kuɗin makaranta shilin 40 da ake karɓa daga yaran da ba 'yan garin ba, sannan ya ɗauki yaron ya ajiye shi a gidansa. Bayan kimanin wata 9 a gona, Newton ya koma aji a 1660.

Jami'a da Shekarun Annoba

A watan Yuni na 1661 ya shiga Kwalejin Trinity ta Jami'ar Kambirij. Duk da cewa mahaifiyarsa tana da hali, guzurin da take ba shi kaɗan ne, don haka ya shiga sahun ɗaliban da suke yi wa malamai da 'ya'yan masu kuɗi hidima, kamar kai abinci da aike, domin a rage masu kuɗin karatu. Manhajar jami'ar a lokacin ta dogara ne a kan koyarwar Aristotle, tsohon masanin falsafar Girka. Newton bai tsaya a nan ba. Ya nemo littattafan sababbin masana, irin su Galileo na Italiya, René Descartes na Faransa da Robert Boyle, ya karanta su da kansa, ya kuma koya wa kansa lissafi mai zurfi. Ya sami digirinsa na farko a 1665.

A wannan shekara ce wata mummunar annoba ta faɗa wa Ingila, inda ta kashe kimanin mutum 100,000 a birnin Landan kaɗai. Aka rufe jami'a, ɗalibai suka watse. Newton ya koma Woolsthorpe, inda ya shafe mafi yawan lokacin da ke tsakanin 1665 da 1667. A ƙauyen da ya kasa kiwon tumaki, a nan ne ya aza harsashin manyan ayyukansa guda 3.

Na farko shi ne sabon reshen lissafi da a yau ake kira kalkulas, wato lissafin abubuwan da suke sauyawa a kowane lokaci, kamar gudun dutsen da yake faɗowa, ko yawan ruwan da yake shiga madatsa. Babu injiniyan da zai gina gada ko madatsar ruwa a yau ba tare da shi ba.

Na biyu shi ne binciken haske. Tun ƙarni na 11 masani Ibn al-Haisam, wanda ya yi aiki a birnin Alƙahira, ya rubuta babban littafi a kan haske da gani, aka fassara shi zuwa Latin, Turawa suka ƙaru da shi. Amma asalin launi ya ci gaba da zama abin muhawara. Newton ya rufe ɗakinsa, ya bar 'yar ƙaramar kafa da hasken rana zai shigo, ya sa wani gilashi mai kusurwa 3 a gabanta. Hasken ya rabu zuwa launukan bakan gizo. Da ya sake tattara launukan, sai suka koma fari. Ta haka ya tabbatar da cewa farin haske gauraye ne na launuka, gilashin kuwa rarraba su kawai yake yi.

Na uku shi ne ƙarfin da yake janyo abubuwa zuwa ƙasa. Shi da kansa, a cikin tsufansa, ya ba abokansa labarin cewa ganin faɗowar tuffa daga bishiya a lambun gidansu ne ya sa shi tambayar ko ƙarfin da ya janyo tuffar yana kaiwa har ga wata. Ya yi lissafi cewa nisan wata daga tsakiyar duniya ya ninka nisan doron ƙasa daga tsakiyarta sau 60. Idan ƙarfin yana raguwa gwargwadon nisan da aka ninka da kansa, to a wurin wata zai ragu sau 3,600. Ma'ana, tazarar da tuffa take faɗowa a daƙiƙa ɗaya, kimanin mita 5, ita ce tazarar da wata yake karkatowa wajen duniya a minti ɗaya. Lissafin ya zo kusa da abin da masu duban taurari suka auna, amma sai da ya ƙara kusan shekara 20 kafin ya kammala hujjojinsa.

Farfesa a Kambirij

Bayan annoba ta lafa ya koma jami'a a 1667. A 1669, yana da shekara 26, malaminsa Isaac Barrow ya sauka daga kujerar farfesan lissafi, aka naɗa Newton a madadinsa. Shekara guda kafin haka ya ƙera sabon madubin hangen taurari da hannunsa, mai amfani da ƙarfe mai sheƙi wajen tattara haske. Tsawonsa bai wuce inci 6 ba, amma yana ƙara girman abu kusan sau 40. Wannan ƙira ta sa aka zaɓe shi cikin Ƙungiyar Masana ta Masarautar Ingila a 1672, kuma manyan madubban hangen taurari na yau a kan tsarinsa aka gina su.

Da ya gabatar da bincikensa na haske a wannan shekara, wasu masana, musamman Robert Hooke, suka soke shi. Newton, wanda ba ya jure suka, ya ja jikinsa ya kulle kansa a ɗaki. Ya shafe shekaru yana gwaje-gwajen narka ƙarafa, irin na masu neman sirrin mai da darma zinariya, yana kuma nazarin Littafi Mai Tsarki da tarihin coci. Nazarin ya kai shi ga ƙin yarda da aƙidar Triniti, amma ya ɓoye ra'ayinsa, domin bayyana shi zai iya raba shi da aikinsa. A 1679 mahaifiyarsa ta kwanta rashin lafiya, ya koma gida ya yi jinyarta da kansa har ta rasu.

Littafin Principia

A watan Agusta na 1684 wani matashin masanin taurari, Edmond Halley, ya ziyarce shi da tambaya a kan siffar hanyar da duniyoyi suke bi wajen kewaya rana. Ya tarar Newton ya riga ya warware matsalar, ya ajiye ba tare da ya sanar da kowa ba. Halley ya matsa masa lamba ya rubuta. Newton ya duƙufa dare da rana, har yakan manta da abinci, kuma a 1687 littafin ya fito da harshen Latin, wanda ake kira Principia a taƙaice. Ƙungiyar Masana ba ta da kuɗin bugawa, domin ta kashe abin da take da shi wajen buga wani littafi a kan kifaye, don haka Halley ne ya biya daga aljihunsa.

A cikin littafin akwai dokokin motsi guda 3. Ta farko tana nuna cewa abin da yake tsaye ba zai motsa ba, abin da yake tafiya kuma ba zai tsaya ko ya kauce ba, sai wani ƙarfi ya taɓa shi. Shi ya sa fasinja yake zabura gaba idan direba ya taka birki ba zato. Ta biyu tana nuna cewa sauyin gudun abu ya danganta ne ga ƙarfin da aka sa masa da kuma nauyinsa, kamar yadda amalanke mai ɗauke da buhu 10 yake buƙatar ƙarfi fiye da wanda babu kaya a kansa. Ta uku tana nuna cewa duk abin da ka tura, shi ma yana tura ka da ƙarfi daidai da naka, kamar mai kwalekwale da yake dafa gora a ƙasan kogi ya tura baya, jirginsa kuma ya yi gaba.

Bugu da ƙari, littafin ya tabbatar da cewa kowane abu a sararin samaniya yana janyo ɗan'uwansa, kuma doka ɗaya ce take tafiyar da faɗuwar tuffa, da kewayar wata, da tafiyar duniyoyi, da cikowa da janyewar teku, da yawon tauraro mai wutsiya. Kafin wannan lokaci masana da yawa suna ɗaukar cewa abubuwan sama da na ƙasa ba ƙa'ida ɗaya suke bi ba.

Tsayuwarsa a Gaban Sarki James na Biyu

A lokacin da ake buga littafin, Ingila tana cikin wani rikicin. Sarki James na Biyu, wanda ya hau gadon sarauta a 1685, yana ganin sarki yana da ikon jingine doka idan ya so, kamar yadda ɗan'uwansa Sarki Louis na 14 yake mulkin Faransa ba tare da majalisar da za ta taka masa birki ba. A farkon 1687 ya umarci Jami'ar Kambirij ta ba wani malamin cocin Katolika, Alban Francis, digiri na biyu ba tare da ya yi rantsuwar da doka ta tanada ba. Gaskiya ne dokokin wancan zamani suna nuna wa 'yan Katolika wariya, kuma akwai gabar ɗariƙa a cikin lamarin. Amma tambayar da ta taso ita ce, shin umarnin sarki yana gaba da dokar ƙasa?

Jami'a ta ƙi bin umarnin. Newton, wanda aka sani da gudun jama'a, yana cikin wakilan da suka gurfana a gaban hukumar da Alƙali George Jeffreys yake shugabanta, mutumin da ya yi ƙaurin suna wajen tsananin hukunci. An tuɓe shugaban jami'ar daga muƙaminsa, amma ba a ba da digirin ba. A 1688 sarkin ya tsere zuwa Faransa, kuma a 1689 jami'a ta zaɓi Newton ya wakilce ta a majalisar da ta naɗa William da Mary a kan sarauta, ta kuma kafa dokar da ta hana sarki ɗora haraji ko jingine doka ba da yardar majalisa ba. A wannan lokaci ne ya ƙulla abota da masanin falsafa John Locke, wanda ya koyar da cewa halaccin mulki yana samuwa ne daga yardar waɗanda ake mulka.

Aikinsa a Gidan Buga Kuɗi

A 1696 ministan kuɗi Charles Montagu ya samar masa muƙamin mai kula da gidan buga kuɗi na masarauta, wanda a lokacin yake cikin Hasumiyar Landan. Waɗanda suka riƙe muƙamin kafin shi albashi kawai suke karɓa, su bar wa na ƙasa aiki. Newton ya ɗauki abin da muhimmanci.

Ya tarar da kuɗin ƙasar cikin mummunan hali. Mutane sun daɗe suna yanke gefen tsofaffin sulallan azurfa suna narkawa, har nauyin sulalla da yawa ya ragu da kusan rabi, ga kuma kuɗin jabu sun cika kasuwa. Leburan da aka biya shi lada da irin waɗannan kuɗi yakan je kasuwa a ƙi karɓa, ko a karɓa a rage masu daraja. Gwamnati ta yanke shawarar janye tsofaffin kuɗi ta buga sababbi masu zane a gefe, yadda duk wanda ya yanke za a gane. Canjin ya zo da wahala, domin kuɗi sun yi ƙaranci, kuma talakawan da suka makara wajen canza nasu sun yi asara.

Saboda haka saurin aiki ya zama wajibi. Newton ya riƙa sa ido a kan kowane mataki, yana auna lokacin da narkawa da bugawa suke ci, yana bin kuɗin gawayi da na ƙarfe dalla-dalla. An buɗe rassa 5 a garuruwan Bristol, Chester, Exeter, Norwich da York, kuma cikin kimanin shekara 3 aka kammala buga sulallan da darajarsu ta haura fam miliyan 6. Har ila yau, ya shiga farautar masu buga jabu da kansa, yana zuwa gidajen kurkuku yana yi wa shaidu da waɗanda ake tuhuma tambayoyi. Mafi shahara a cikinsu shi ne William Chaloner, wanda ya kai ga zuwa gaban majalisa yana zargin gidan buga kuɗi da almundahana domin ya sami shiga cikinsa. Newton ya tattara hujjoji a kansa, kotu ta same shi da laifi, aka rataye shi a watan Maris na 1699, kamar yadda dokar lokacin ta tanada.

A ƙarshen wannan shekara aka ɗaga shi zuwa shugaban gidan, muƙamin da ya riƙe har rasuwarsa. A 1717, bisa rahotonsa, aka tsayar da darajar sulen zinariya mai suna gini a kan shilin 21. Sulen ya samo sunansa ne daga gaɓar tekun Gini ta Afirka ta Yamma, inda Turawa suke samo zinariyar.

Girma da Raunin Hali

A 1703 aka zaɓe shi shugaban Ƙungiyar Masana, a 1704 ya wallafa littafinsa na haske mai suna Opticks, a 1705 kuma Sarauniya Anne ta ba shi lambar girma ta Sir. Sai dai ɗan'adam tara yake bai cika goma ba. Iko ya fito da raunin halinsa.

Masanin falsafa da lissafi na Jamus, Gottfried Leibniz, ya wallafa nasa tsarin kalkulas a 1684, alhali Newton ya gano nasa tun kusan shekara 20 kafin nan amma bai buga ba. Da gardama ta yi zafi a kan wanda ya riga, Leibniz ya kai kuka ga Ƙungiyar Masana. Newton, a matsayinsa na shugaba, ya naɗa kwamitin bincike, sannan ya rubuta rahoton kwamitin da kansa a asirce, aka fitar da shi a 1712 yana ba shi gaskiya. A yau masana tarihi sun yi ittifaƙi cewa kowannensu ya gano lissafin ne da kansa. Haka kuma ya yi amfani da matsayinsa aka buga bayanan taurari na masani John Flamsteed ba da yardarsa ba, har daga baya Flamsteed ya karɓo kwafi kusan 300 ya ƙone su. A 1720 kuma ya tafka asarar dukiya mai yawa a hannun jarin Kamfanin South Sea, wanda yana cikin harkokinsa jigilar bayi daga Afirka zuwa yankunan Amurka da ke ƙarƙashin Sifaniya.

Rasuwarsa da Abin da Ya Bari

Newton bai taɓa aure ba. 'Yar ƙanwarsa, Catherine Barton, ita ce ta kula da gidansa a Landan, kuma an san shi da taimakon dangi da kuɗi. Ya rasu a ranar 20 ga Maris, 1727, bisa tsohuwar kalanda, yana da shekara 84. An binne shi a cocin Westminster, inda ake binne sarakunan Ingila a wancan zamani, kuma manyan masu sarautar ƙasar ne suka ɗauki makararsa.

Bayan rasuwarsa marubucin Faransa Voltaire ya yaɗa koyarwarsa, wata masaniya mai suna Émilie du Châtelet kuma ta fassara Principia zuwa Faransanci. Halley ya yi amfani da dokokinsa ya yi hasashen cewa wani tauraro mai wutsiya zai dawo a 1758, kuma ya dawo. A 1846 an gano duniyar Neptune a daidai inda lissafi ya nuna. A 1915 Albert Einstein ya zo da bayani mafi zurfi a kan ƙarfin janyowa, amma har yau da dokokin Newton ake lissafin gine-gine, motoci, jiragen sama da harba taurarin ɗan'adam, ciki har da na farko da Nijeriya ta mallaka a 2003, da kuma waɗanda ake dogara da su wajen hasashen damina.

Darussa Ga Al'umma

Darasi na farko na iyaye ne. Noma da kiwo sana'o'i ne masu daraja, kuma da dukiyar gona aka yi wa Newton kuɗin makaranta. Amma da mahaifiyarsa ta dage a kan ra'ayinta, da ƙauyen Woolsthorpe ya sami manomi mara kirki, duniya kuma ta rasa masani. Duk uban da yake shirin cire ɗansa ko 'yarsa daga aji saboda aikin gona, talla ko kiwo, yana da kyau ya fara zama da malaminsu ya ji abin da ya gani a tattare da yaron.

Darasi na biyu na malamai ne da shugabannin al'umma. Henry Stokes bai tsaya ga rubuta sunan ɗalibinsa cikin waɗanda suka daina zuwa ba. Ya bi sawu, ya yi lallashi, ya yafe kuɗi, ya ba da masauki. Shugaban makaranta, mai unguwa, dagaci ko sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, kowannensu yana da ikon yin irin wannan a yankinsa, kuma sau da yawa abin da ake buƙata bai wuce ziyara ɗaya ko biyu zuwa gidan iyaye ba.

Darasi na uku na ma'aikata ne. Mutumin da ya auna tafiyar wata bai raina ƙidayar gawayi da binciken takardun kashe kuɗi ba, domin ya san jinkirin ofis talaka ne yake ɗanɗana kuɗarsa a kasuwa. A ɗaya ɓangaren kuma, abin da ya yi wa Leibniz ya isa gargaɗi ga duk mai riƙe da muƙami, cewa kada ya zama alƙali a shari'ar da shi ne mai ƙara, domin bayan shekara 300 tarihi bai manta da wannan ba.

Ana kira ga jama'a da su tabbatar cewa duk yaron da ya isa shiga makaranta an sa shi, wanda kuma ya bari a yi ƙoƙarin mayar da shi aji tun lokaci bai ƙure ba.